Kifin Takobi da Masu Binsa: Daga Mashi Zuwa Manaɗin Lantarki

A watan Yulin 1967 wani ɗan jirgin nutso na masu binciken teku, mai suna Alvin, ya sauka ƙasan Tekun Atilantika daura da kudu maso gabashin Amurka, a zurfin wajen mita 600. Yana nan zaune sai wani kifi ya taso masa da gudu, ya caka masa dogon bakinsa. Bakin ya maƙale a wata mahaɗa ta jikin jirgin, kifin ya yi ta fizga bai zare ba, haka aka hau sama da shi. Ma'aikatan babban jirgin da ke ɗauke da Alvin suka fede shi, suka yi kalacin dare da namansa. Labarin ya zama abin raha a tsakanin masana. Amma tambayar da ta kamaci masunci, wato me ya kai kifin takobi wannan zurfi kuma me yake yi a can, sai da aka shekara talatin da ɗoriya kafin masu fatsa su ɗauke ta da gaske.

Sunan da masana ke kiransa da shi, Xiphias gladius, Linnaeus ne ya raɗa masa a 1758, kuma kalmomin biyu duk takobi suke nufi, ɗaya da Girkanci, ɗaya da Latin. Takobin nan leɓen sama ne da ya miƙe ya yi faɗi kamar ruwan wuƙa, tsawonsa ya kai kashi ɗaya cikin uku na jikin. Babban kifin ba shi da haƙori, ba shi da ɓawo a fata. Ba ya yawan soka abin da zai ci, sara yake yi, ya kaɗa takobin hagu da dama cikin garken ƙananan kifaye, sannan ya juyo ya haɗiye waɗanda suka jikkata. Mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, duk ƙaton da aka ji labarinsa kusan kullum mace ce.

Farautarsa tsohuwa ce ƙwarai. A gaɓar jihar Maine ta Amurka an tono ƙasusuwansa a jujin mutanen da suka rayu shekara dubu huɗu da suka wuce, abin da ke nuna sun riƙa fita teku a kwalekwale suna tunkararsa. Amma bayani mafi daɗewa da aka rubuta filla-filla daga mashigin Messina ya fito, ɗan siririn ruwan da ya raba tsibirin Sisili da sauran Italiya. Masanin tarihin Girka Polybius, a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwatanta yadda ake yi. Mutum ɗaya na tsaye a wuri mai tudu yana duban ruwa. A kowane kwalekwale akwai mutum biyu, mai tuƙi da mai mashi. Kan mashin ba a ɗaure shi tam da sanda ba, da ya shiga jikin kifin sai ya cire, igiya doguwa na biye da shi, a yi ta sakar wa kifin har ya gaji. Sandar ma an haɗa ta da itace iri biyu, mai nauyi da mara nauyi, don kada ta nutse ta ɓace. Ya kuma ce wani lokaci takobin kan huda kwalekwalen ya sami mai tuƙi.

Har gobe ana wannan sana'a a garuruwan Scilla da Bagnara da Ganzirri. Sai dai jirgin ya sauya: yanzu yana da hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita ashirin ko fiye wadda mai dubawa ke hawa, da wata doguwar gada da ta miƙe daga goshin jirgin inda mai mashi ke tsayawa, don ya isa kan kifin tun ƙarar inji ba ta kore shi ba. Masuntan can suna cewa in an ga biyu tare a fara sukar macen, domin namijin ba ya barinta.

A arewa maso gabashin Amurka da Kanada ma mashi ne ya riƙe kasuwa tun daga ƙarni na 19 har zuwa wajen 1960. Akwai abin lura game da mashi wanda ba a gane darajarsa ba sai da aka bar shi. Mai mashi ba ya sukar abin da bai gani ba. Abin da yake gani kuwa shi ne kifin da ya hau saman ruwa da rana ya kwanta yana shan hantsi, fiffiken bayansa da na wutsiya a waje, kuma a ruwan sanyi manya ne ke yin haka. Ƙanana ba sa shiga hannu. Ba don tausayi ba ne, kayan aikin ne ba su kai gare su ba.

Masu kamun nishaɗi sun shigo daga baya, kuma sun sha wuya. A tsibirin Catalina na Kalifoniya, inda aka kafa ƙungiyar masu fatsar tuna ta Avalon a 1898, attajirai kan yi wata guda suna yawo a teku suna neman fiffike. In an gani sai a ja abinci a gaban kifin, shi kuwa galibi ko kallo bai ishe shi ba, don ba yunwa ta kawo shi sama ba. William Boschen ne ya fara kama shi da sanda da manaɗin zare a 1913, mai nauyin kilo 162. Marubucin nan Zane Grey ya ɓata shekaru a kansa kafin ya samu mai kilo 264 a 1926. Ranar 7 ga Mayun 1953, a ruwan Iquique na ƙasar Chile, Louis Marron ya kama mace mai kilo 536 bayan kokawar kusan sa'a biyu. A wancan zamani mutum kan tsufa yana fatsa a teku bai kama ko ɗaya ba, shi ya sa aka ɗauka kifin ƙaranci ne da shi. Ashe yana nan jingim, mutane ne ba su san lokacinsa da wurinsa ba.

Farkon shekarun 1960 asiri ya fara tonuwa. Jiragen Japan masu neman tuna da na Norway masu neman kifin shak sun lura mamarinsu na kama kifin takobi da yawa in ya kwana a ruwa. Mamarin teku ba irin na kogi ba ne: igiya ce da kan kai kilomita hamsin ko sittin, da ƙugiyoyi ɗaruruwa ko dubu, kowace da abincinta, a shimfiɗa da magariba a janye da asuba. Cikin 'yan shekaru masuntan Kanada da Amurka suka jingine mashi suka rungumi mamari. Daga baya aka ƙara da 'yan sandunan roba masu haske da ake ɗaurawa kusa da ƙugiya. Kamu ya ninka, amma mamari ba shi da ido. Yana ɗauke babba da ƙarami, da shak, da kunkurun teku.

Abin da ya fara ba kifin hutu ba tausayi ba ne, guba ce. A 1971 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada namansa ta tarar fiye da kashi 90 cikin 100 na samfuran sun haura iyakar sinadarin makuri da ta ƙayyade, ta shawarci jama'a su daina ci. Dalilin a fili yake: kifi ne mai cin kifi, mai tsawon rai, duk gubar da ƙanana suka tara a jikinsa take taruwa. Kasuwa ta faɗi warwas. A ƙarshen shekarun 1970 aka ninka iyakar, jirage suka koma ruwa da ƙarfinsu. Har yau dai ana gargaɗin masu juna biyu da ƙananan yara su guje shi.

A tsakanin nan ne masu nishaɗi na Filorida suka koyi darasi daga masuntan Kyuba da suka yi hijira zuwa Miami, waɗanda tun a gida suka saba barin kwalekwale ya bi ruwa cikin dare da fitila da ƙugiya. A watan Yulin 1976 Jerry Webb da Jesse Webb suka gwada da sanda, suka dawo da manya biyu a dare ɗaya. Kifin da a da sai mai dogon rabo, ya zama na duk mai jirgi da juriyar hana ido barci. Murnar ba ta daɗe ba. Mashigin Filorida wurin renon ƙananan kifin ne, jiragen mamari suka yi masa ca, kafin shekara goma masu fatsa sun daina fita don babu abin kamawa. Jiragen kasuwa kuma suka riƙa nausawa nesa, har wurin kamun kifi na Grand Banks da gaba, cikin kaka mai haɗari. Jirgin Andrea Gail na garin Gloucester, da ya ɓace da mutum shida a guguwar Oktoban 1991, kifin takobi ya je nema.

Alƙaluma sun nuna irin ɓarnar. A farkon shekarun 1960 matsakaicin kifin da ake saukewa a Arewacin Atilantika ya kai kilo 120. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ya dawo wajen kilo 40, wato yawancin matan ana kama su tun ba su taɓa zuba ƙwai ba. A Janairun 1998 ƙungiyoyi biyu na kare muhalli, SeaWeb da NRDC, suka ja hankalin manyan masu dafa abinci na gabashin Amurka su cire shi daga jerin abincinsu. An fara da 27, daga baya suka haura 700. Masunta sun ji haushi, suna cewa an hukunta mai bin doka an bar na ƙasashen da ba ruwansu, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya ba. Duk da haka a 1999 hukumar ICCAT, mai kula da tuna da danginsa a Atilantika, mai mazauni a Madrid, ta amince da shirin shekara goma na rage kamu. Amurka ta bi da rufe wasu wurare ga mamari, ciki har da ɗaukacin gabashin Filorida daga Maris na 2001. Kifin mai saurin girma ne, mace ɗaya na zuba ƙwai miliyoyi. A 2009 aka tabbatar ya farfaɗo.

Amma tun kafin wannan farfaɗowa, wani masani na cibiyar binciken teku ta Woods Hole, Francis Carey, ya riga ya amsa tambayar da kifin Alvin ya bari. Shi da Bruce Robison sun maƙala wa wasu kifaye 'yar na'ura mai aika sauti, suka bi su da jirgi dare da rana, suka buga sakamakon a 1981. Da magariba kifin na hawa kusa da sama, da ketowar alfijir ya gangara har mita 600. Abincinsa yake bi, domin akwai wani taron ƙananan kifaye da jatan lande da sikwid, wata halitta mai taushin jiki da hannuwa goma, da ke yin wannan hawa da sauka kullum. Yawansu ya sa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu na'urorin sojan ruwa suka riƙa ɗaukar su ƙasan teku ne. A 1982 Carey ya ƙara gano abin mamaki: a bayan idon kifin akwai tsoka da ta daina aikin motsi ta koma murhu, tana ɗumama ido da ƙwaƙwalwa su ɗara ruwan da ke kewaye da digiri 10 zuwa 15. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna ɗumin nan na sa idonsa ya fi saurin kama motsi fiye da ninki goma. Ke nan da rana ba ɓuya yake yi a zurfi ba, farauta yake yi a cikin duhu da sanyi, inda yake gani sosai. Kwanciyar da yake yi a sama kuwa, wadda ta ba mai mashi dama shekara dubbai, jin ɗumi ne bayan doguwar nutso.

Ilimin ya kwanta a mujallun masana har wani likitan tiyatar zuciya na Benezuwela, Dokta Ruben Jaen, ya gwada shi a ruwan La Guaira, ya sauke abinci can ƙasa da rana tsaka, ya kama, ya rubuta abin da ya yi. Rubutun ya kai hannun wasu masunta a Islamorada, cikin tsibiran kudancin Filorida: Richard Stanczyk mai tashar jiragen Bud N' Mary's, da ɗan'uwansa Scott, da abokinsu Vic Gaspeny. A Janairun 2003 suka gwada, suka dace.

Sai dai abin da ya yiwu a Benezuwela bai zo da sauƙi a Filorida ba, saboda igiyar ruwan Galf, wani kogin ruwan ɗumi da ke gudu cikin teku zuwa arewa da saurin kilomita shida ko bakwai a sa'a. Ƙasan da ake nema na tsakanin mita 450 da 550, wato gaba ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari uku in da rijiya ce. Ruwan sama na gudu, na ƙasa kusan a tsaye yake. In aka saki zaren roba mai kauri irin na da, ruwa zai kwashe shi ya yi baka, abinci ba zai taɓa isa ƙasa ba. A ganina abin da ya buɗe wannan ƙofa ba injin ba ne, zare ne: sabon zare kitsattse na Spectra da Dyneema, siriri kamar na ɗinkin takalmi, mai ɗaukar kilo talatin ko fiye, wanda ba ya talewa. Rashin talewar ce ke sa taɓin da aka yi a rabin kilomita ƙasa ya bayyana a kan sanda. Mutanen Islamorada da farko kankare suke ɗaurawa da siririn zare, in kifi ya ja ko an fizga sai ya tsinke ya faɗi, su naɗo sauran da hannu.

Ga yadda aikin ya daidaita a yau. A ƙarshen zaren ana haɗa wani zaren roba mai kauri, tsawon mita talatin zuwa arba'in da biyar. A can samansa ake maƙala darma mai kilo huɗu ko biyar, a tsakiya 'yan fitilu masu ƙyaftawa, a ƙarshe ƙugiya ɗaya tak. Abincin ko sikwid ne ko tsagin cikin wani kifi, kuma ɗinke shi ake yi a jikin ƙugiya da allura da zare mai kakin zuma, ɗinki na tsanaki, domin kifin zai sare shi sau biyu ko uku kafin ya haɗiya. In ɗinkin ya kwance, mutum zai yini yana gadin ƙugiya tsirara bai sani ba. Ana saki sannu a hankali jirgi na tafiya don kada a harɗe. Darma ta taɓa ƙasa, a ɗago ta kamar mita talatin, matuƙi ya juya goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa, yana ba da wuta kaɗan-kaɗan don zare ya tsaya. Daga nan sai zuba ido ga kan sanda. Jirgi na lilo, sanda na lilo da shi, mai kallo ya haddace wannan rawa har ya gane ɗan motsin da ba na ruwa ba ne. Kifi mai kilo ɗari biyu kan nuna kansa da ɗan ƙyaftawar da ba ta fi ta tarwaɗa ba. Wani lokaci ma sandar miƙewa take yi, alamar ya ɗauki abinci ya yo sama da darmar.

Nan manaɗin lantarki ya shigo. Ba sabon abu ba ne, masu kamun kifin ƙasan teku sun daɗe da shi. Amma duk wanda ya taɓa naɗo kilo biyar daga zurfin nan da hannu, ga zaren da ruwa ya ja ya ƙara tsawo, don kawai ya duba ko abinci na nan, ya san rabin sa'a ce ta tafi tare da kafaɗarsa. Injin da ke jan wuta daga batirin jirgi na yin wannan cikin 'yan mintoci, yana kuma nuna tsawon zaren da ya fita, a sake jefawa sau da yawa a yini. Kamfanoni irin su Lindgren-Pitman na Pompano Beach, da Hooker Electric, da Daiwa da Shimano na Japan suka cika kasuwa. Na farkon, abin dariya, shi ne kuma sanannen maƙerin manyan faya-fayan da jiragen mamari ke naɗe igiyarsu. Babban manaɗi ɗaya kan ci dala dubbai.

Injin bai kashe kokawar ba, ko da yake masu sukarsa cewa suke ya kashe ta. Bakin kifin takobi taushi ne da shi, in aka matsa ƙugiya ta yage ta fita, don haka dole mai kula da injin ya riƙa sassautawa da ɗaurewa. Kifin kan taso sama a guje ya yi tsalle, sannan ya koma ya tsaya a wani zurfi ya ƙi motsi sa'o'i. In ya matso, mutum ne zai cire darma da hannu, ya kama zaren roba da safar hannu ya jawo, ga takobi na kaɗawa a gefen jirgi. Kuma abin da ake gamawa da shi mashi ne mai cirarren kai da igiya, wanda Polybius da zai gani da ya gane shi. A ƙarshen Maris na 2019 jirgin Nick Stanczyk, ɗan Richard, ya sauke mai kilo 343 a Islamorada bayan fafatawar sa'o'i masu yawa.

Duk da haka ƙungiyar IGFA, mai riƙe da kundin bajintar masu fatsa tun 1939, ba ta karɓar kifin da inji ya jawo. Sassaucin da ta yi shi ne a yi amfani da injin da ake cirewa wajen naɗo abinci kawai, a cire shi kafin a shiga kokawa. Sunan Marron kuwa na nan a kundin tun 1953. Na fahimci masu wannan ra'ayi, wanda ya danna maɓalli bai yi abin da Marron ya yi ba. Amma gardamar ta mutane ce da junansu, kifin ba ruwansa da wanda ya gaji. Abin da ya shafe shi shi ne zurfin rana, mafakar da ta rage masa bayan mashi ya ci saman ruwa mamari ya ci dare, yanzu ita ma an san hanyarta. Dabarar ta bazu zuwa Tekun Meksiko, da New Zealand, da Tasmaniya ta Ostareliya. A gabashin Amurka abin da ke tsare shi yanzu doka ce: kada a ɗauki wanda bai kai inci 47 ba daga leɓen ƙasa zuwa tsagin wutsiya, kuma a jirgin nishaɗi na kashin kai mutum ɗaya kifi ɗaya, jirgi kada ya wuce huɗu.

Wani abin da ba a zata ba ya fito daga Kalifoniya. A can da taru mai tsawon fiye da kilomita ɗaya ake kama shi cikin dare, a bar shi yana bin ruwa, yana haɗawa da kifayen whale da dolfin da kunkuru. Masu bincike na cibiyar Pfleger, ƙarƙashin Chugey Sepulveda, suka yi tunanin cewa da rana kifin takobi na ƙasa, yawancin waɗancan kuwa suna sama, to me zai hana a sauke ƙugiya ta wuce su? Suka ƙera tsarin ƙugiya a zurfin mita ɗari uku ko kusa, da 'yan gorunan roba a sama masu nuna an ci, masunci na kewayawa yana dubawa, in abin da ba a so ne ya kama a sake shi da rai. A Disambar 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta ba wancan taru wa'adin shekara biyar, a 2023 aka halatta sabon tsarin. Kifin da ake samu ta wannan hanya bai kai na taru yawa ba, masunta na kukan kuɗin mai, amma yana isa kasuwa sabo, kuma dillalai na biyan sa farashi mafi tsada.